Alƙali da Mazubin Amsa

Yayana bai taɓa shiga kotu ba ko a matsayin mai shaida. A wurin aiki aka laƙaba masa Alƙali, sunan ya biyo shi har gida, har Mama ma idan ranta ya ɓaci takan ce, "Ku kira min Alƙalin nan." Shekaru masu yawa muka yi muna aiki a ɗaki ɗaya, teburina na bayan nasa, don haka idan na ce na san shi ba sanin ƙanwa kaɗai nake nufi ba. Na san ƙeyarsa. Na san yadda jijiyar wuyansa ke tashi kafin ya juyo da kujera ya ci mutuncin wani.

Babanmu gyaran rediyo da talabijin yake yi a wani ɗan shago a bakin titi, tsakanin mai walda da mai sayar da tsofaffin tayoyi. Mutum ne da bakinsa bai iya furta "sannu da ƙoƙari" ba. Yaya zai zauna ya haɗa waya da dalma, gumi na ɗiga daga hancinsa, Baba ya karɓi allon rediyon ya ɗaga shi ta hasken ƙofa, ya sa farce ya ɓalle haɗin, ya miƙo masa. Sai ya sake. A haka ya tashi, ya kuma ɗauka haka ake koyar da mutum.

Kwamfuta ya fara taɓawa a wani shagon buga takardu, inda yake gyara musu injin hoto. Daga nan ya shiga makaranta, ya fito da sakamakon da ya sa malamansa suka so riƙe shi, ya ƙi. Ya auri wata malamar jinya, mace mai haƙuri da dariya a ciki-ciki, suka haifi yara biyu. Yaran nan idan suka ji ƙarar motarsa, littattafan aikin gida suke fara ɓoyewa.

Kamfaninmu injin ƙyanƙyasar ƙwai yake ƙerawa. A ƙasa masu walda da masu fenti suke, da warin roba da ƙarar guduma. A sama kuma ɗakinmu ne, mu masu rubuta manhajar da ke kula da zafin injin: tebura huɗu, fanka mai kukan tsiya, da injin gwaji a kusurwa yana gurnani yini guda. Yaya ne ya rubuta manhajar farko tun kamfanin bai wuce shi da Manaja da mai walda ɗaya ba. Shi ya kawo ni na zama mai gwaji, kuma bai taɓa bari na manta ba.

Abin da muke rubutawa injin ba ya gane shi kai tsaye. Sai mun miƙa wa wata manhaja da ake kira kwamfaila, ita ke juya shi zuwa yaren da ɗan allon cikin injin ke ji. Kwamfaila murya biyu gare ta. Idan kuskure ta gani, sai ta tsaya cak ta rubuta da ja. Idan kuwa abin shakka kawai ya ba ta, sai ta yi gargaɗi da rawaya ta wuce. Mafi yawan masu sana'armu ko kallon rawayan ba sa yi. Yaya ya saita tamu ta yadda rawaya ma tsayar da aiki take yi. Dokarsa ke nan: gargaɗi ɗaya, aiki ya koma wa mai shi. Ban taɓa cewa dokar ba ta da kyau ba. Yadda yake zartar da ita ne abin ƙi. Ba zai turo maka saƙo ba, sai ya karanta gargaɗin da ƙarfi, a hankali, kamar mai karanta hukunci, yana ambaton lambar layin har sau biyu don masu fenti ma su ji. Mutane nagari sun zo ɗakin nan sun tafi saboda shi.

Sai Manaja ya ɗauko wani da muka laƙaba wa Ɗan Gayu. Ba yaro ba ne, sa'an Yaya ne, ya yi aiki a wani babban kamfani kafin ya zo. Riga a goge, turare tun daga matakala, agogo mai walƙiya. Ya san aiki, kuma ya san ya sani. A makonsa na farko ya miƙa wani gyara, kwamfaila ta yi rawaya a layi ɗaya. Irin gargaɗin da aka fi gani ne: ya zuba lamba mai ɗigo a gurbin da aka tanada don cikakkiyar lamba. A irin haka kwamfaila da kanta take yanke abin da ke bayan ɗigon ta yar, sannan ta faɗa maka ta yi.

Yaya ya haska layin a bango da majigi.

"Malam, zo ka karanta mana wannan," ya ce. "Ko a can inda ka fito ba a koyar da karatu?"

Ɗan Gayu bai tashi ba. "Lambar ƙidayar sakan ce. Ba abin da wutsiyarta za ta yi wa kowa."

"To ka rubuta da hannunka cewa kai ka yanke. Kada ka bar na'ura ta yanke maka a ɓoye kamar ɓarawon aljihu. Ko turaren ne ya hana ka gani?"

Ɗan Gayu ya gyara layin, ya yi murmushin da ban so ba, ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Daga ranar gaisuwa ta mutu tsakaninsu. Ni na zama gada. "Ki gaya wa abokin aikinki..." "Ki faɗa wa yayanki..." alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi tsawon tabarma ba. Suka yi faɗa a kan inda fanka za ta fuskanta, a kan kujera mai hannu, a kan wanda ya bar kofin shayi a kan injin gwaji. Manaja kuwa idan ya ji murya ta fara tashi sai ya tuna yana da aiki a ƙasa.

Akwai wata mata da muke kira Uwar Kaji, babbar mai sayen injunanmu ce, tana da gona a bayan gari. Dattijuwa ce mai ciwon gwiwa, amma takan hau matakalar nan tana nishi don ta faɗi abu ɗaya da ta daɗe tana faɗa. A kwanakin ƙarshe kafin ƙyanƙyasa ana son a ɗan rage zafi. Tana ragewa a jikin injin, lambar da ta zaɓa tana fitowa a gilashi, amma ma'aunin zafinta na hannu yana nuna ba abin da ya sauka. 'Yan tsakin suna fitowa a galabaice.

"Ma'auninki ne ya lalace," in ji Yaya, ko juyowa bai yi ba.

"Na sayi sabo."

"To ma'aikatanki ne ke buɗe ƙofa."

"Ɗana, buɗe ƙofa sanyi yake kawowa, ba zafi ba. Na girme ka a harkar kaji."

"Ni kuma na girme ki a harkar inji."

Ta kalle ni, ni kuma na kalli ƙasa. Na nemi ya bar ni na binciki ɓangaren da ke kula da zafi, ya ce wannan ɓangaren ba a taɓa shi, tun kafin na iya kunna kwamfuta yake aiki lafiya.

Abin ya fashe ne lokacin da masu sayar mana da allon inji suka canza samfuri, dole muka koma sabuwar kwamfaila. Ɗan Gayu ne ya fara gwada ta da safe. Na ji ya ce "Ikon Allah" cikin wata murya mai daɗi, irin ta wanda aka yi wa albishir. Ya tashi, ya gyara wuyan riga, ya haska allonsa a bango.

Gargaɗi ne rawaya a cikin ɓangaren Yaya, wanda ba a taɓawa.

A cikin manhaja akwai ƙananan sassa da muke ce wa fankshin. Kowanne kamar wanda ka aika ne: ka ba shi abin da zai yi aiki da shi, ka kuma miƙa masa mazubin da zai zubo maka amsa a ciki. Fankshin ɗin da ke karanta zafi amsa mai ɗigo yake bayarwa, misali talatin da bakwai da ɗigo takwas. Amma mazubin da Yaya ya miƙa masa tun shekarun farko na cikakkiyar lamba ne. Don haka duk lokacin da amsa ta fito, ana yanke mata wutsiya, ta zama talatin da bakwai kawai. Tsohuwar kwamfaila tana duba abin da ke shiga fankshin ta yi gargaɗi, amma abin da ke fitowa ta mazubi ba ta cewa komai a kansa, tana yankewa ne shiru. Sabuwar kuwa tana duba shiga da fita.

Ma'anar wannan ita ce, duk zafin da ke tsakanin talatin da bakwai da talatin da takwas abu ɗaya ne a wurin injin. Ko Uwar Kaji ta zaɓi ɗigo shida ko ɗigo biyu, wuta ba za ta ɗauke ba sai an kai wuri guda. Matar gaskiya take faɗa tun farko.

"Ranka ya daɗe," in ji Ɗan Gayu, "a taimaka a karanta mana wannan. Layi na nawa ne ma? Idona ba ya gani sosai, ka san turare."

Jijiyar wuyan Yaya ta tashi.

"Kwamfailar ce ba ta da hankali," ya ce.

"Au, yau kuma ita ce ba ta da hankali? Ba ita ce uwar ɗakinmu ba?"

"Injin nan ya ƙyanƙyashe kajin da suka fi gashin kanka yawa kafin ka san hanyar nan."

"Gargaɗi ɗaya, aiki ya koma wa mai shi. Ko dokar ta bare ce kawai?"

Na ce, "Yaya, ka duba dai. Ya yi daidai da abin da matar nan ke faɗa."

Ya juyo ya kalle ni kamar na zage shi a gaban surukansa. "Ke kuma da wa aka yi?"

Bai gyara ba. Kwanaki ya yi a dandalin intanet na masu kwamfailar yana jayayya da mutanen da bai taɓa gani ba, yana ce musu gargaɗinsu surutu ne, suna ba shi amsa cikin ladabi cewa ba surutu ba ne. Ya nemi Manaja ya nemo tsofaffin alluna ko nawa ne, don a ci gaba da tsohuwar kwamfaila. Manaja ya gaji, ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya ce Ɗan Gayu ya karɓi ɓangaren zafi. Yaya ya ce, "Madalla," ya sa abin sauraro a kunne.

A wannan tsakanin aka yi wa Mama aiki a ƙugu, na ɗauki hutu na tare a asibiti. Abin da ya faru a bayana daga baya na ji shi. Ɗan Gayu ya canza mazubin ya zama mai ɗigo, rawaya ta ɓace. Ya juya maɓallin zafi a injin gwaji ya ga yanzu yana amsawa, hawa da sauka. Bai sa ma'auni na dabam ya ga ainihin zafin da ke ciki ba, bai jira na dawo ba. Sauri yake ya kai wa Uwar Kaji da hannunsa, ta ji daga bakinsa wanda ya warware abin da ya gagari Alƙali. Ya je gonar da rigarsa a goge ya ɗora sabuwar manhajar a duk injunanta, a daidai lokacin da ta cika su da sababbin ƙwai.

Na dawo aiki ba da daɗewa ba, Uwar Kaji ta hau matakala. Wannan karon ba ta yi sallama ba. Faranti ne na ƙwai a hannunta, ta dire shi a kan teburin Ɗan Gayu, a kan takardunsa. Warin ya cika ɗakin.

"Ranar fitowarsu ta wuce," ta ce. "Waɗanda suka fito sun fito a makare, ba sa iya tsayuwa. Sauran ga su nan. Fasa ka gani."

Bai fasa ba. Ita ta fasa ɗaya a gefen teburin. Ɗan tsako ne cikakke, da gashinsa, a naɗe, ba rai.

Ɗan Gayu ya shiga cikin fankshin ɗin da kansa, yana bin layi-layi. Can ƙasa ya ga abin. A shekarun farko Yaya ya lura injunan suna yin zafi fiye da kima. Bai gano yankan wutsiyar ba, sai ya ɗora laifin a kan na'urar auna zafi, ya ce mai araha ce tana rage lamba. Ya ƙara ɗigo huɗu a kan duk abin da ta karanta kafin a zuba a mazubi. Kuskure biyun suka rufa wa juna asiri, zafin ya zauna daidai inda ƙwan kaza ke so, shi ya sa injin ya yi suna. Da Ɗan Gayu ya gyara ɗaya ya bar ɗayan, sai injin ya riƙa ganin zafi ya kai alhali bai kai ba. Ƙwan matar nan a cikin sanyi suka yi kwanakinsu duka.

Ɗan Gayu ya miƙe. "Ka san da wannan ƙarin?"

Yaya ya cire abin sauraro daga kunne ɗaya. "Ni na rubuta shi."

"Ka ga na canza mazubin. Ka san abin da zai faru."

"Ba a tambaye ni ba. An ce ɓangaren naka ne. Mai gyara yakan karanta abin da zai gyara har ƙarshe."

"Mugu! Wallahi kai mugu ne!"

"Kai kuma jahili ne mai guga."

Sai da masu walda suka hau suka shiga tsakani, don Ɗan Gayu ya riga ya ɗaga kujera. Uwar Kaji tana tsaye tana kallonsu, ta ce da Manaja, "Waɗannan ne ke riƙe da abincina?" Ta juya ga Yaya. "Shi wannan wauta ya yi. Kai kuwa kallo ka yi. Allah ya isa." Ta sauka a hankali tana dafa bango, ta bar mana farantin.

Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya a gaban mutane ba sai ranar. Na ce masa matar nan ba ta yi masa komai ba, in ban da gaskiyar da ta faɗa masa shekara da shekaru. Na ce don ya ga bayan mutum ɗaya ya bar rayuka suka mutu a cikin ɓawo. Ya ce, "Kaji ne." Na ce, "Ko da ƙudaje ne." Ya tattara cajarsa da kofinsa ya fita. Washegari Manaja ya kira shi ofis, ba su daɗe ba. Wasu sun ce korarsa aka yi, shi ya ce shi ya ajiye. Ɗan Gayu ma bai kai ƙarshen shekarar ba, ya koma inda ya fito. Uwar Kaji ta koma sayen injin wani kamfani, ko wayar Manaja ba ta ɗauka.

Ni da sababbin da aka ɗauka muka cire ƙarin, muka bar mazubin mai ɗigo, muka cika injin gwaji da ƙwai na gaske da ma'auni uku a ciki, muka jira har 'yan tsaki suka fito suna tsuwa. Dokar gargaɗi ɗaya tana nan ba mu taɓa ta ba, sai dai yanzu a rubuce ake tura wa mutum, shi kaɗai.

Mama ta tara mu a ɗakinta tana kwance, ta ce ba ta haifi 'ya'ya biyu don su riƙa wuce juna a ƙofarta kamar baƙi ba. Yaya ya ce shi ba shi da matsala da kowa, sai dai wadda ya ɗauko ya sa a aiki ta bi bayan bare ta tozarta shi a gaban leburori. Na ce ba bayan kowa na bi ba, kuma in ya je ya ba matar nan haƙuri ni zan fara durƙusa masa. Ya ce Allah ya ba Mama lafiya, ya ɗauki makullin motarsa.

Yanzu a gida yake aiki, a ɗan ɗakin da ke kusa da kicin, yana rubuta wa masu ƙananan masana'antu manhajar injin awo da na cika kwalabe. Aikinsa na da kyau, masu ba shi ba sa daɗewa. Matarsa ce ta gaya min, tana wanke kwanuka tana magana ƙasa-ƙasa, cewa ya sa sabuwar kwamfailar a kwamfutarsa, ya ɗauko kwafin tsohuwar manhajar ƙyanƙyasar yana bin ta layi-layi yana gyarawa, alhali ba wanda ya sa shi, ba kuma injin da zai ɗora ta a kai. Na tambaye ta ko ya taɓa ambaton Uwar Kaji. Ta ce ko sau ɗaya.

Ranar da na kai wa yaran wasu littattafai na same shi a ɗakin, ƙofa a buɗe. Yana jin takuna ya rufe kwamfutar.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya. Mama ce ta aiko ki?"

"A'a."

"To ki ja min ƙofar idan za ki wuce."

Na ja masa.